Shekarar da Babanmu Ya Tsuguna

Sanyin bana ya shigo da wuri. Tun da jakuna suka fara wucewa ta ƙofar gidanmu ɗauke da irin albasa za a kai dashe, ƙamshin lawashi da na jiƙaƙƙiyar ƙasa ya hana ni sakat. Ni dai na tsufa, ido ya yi rauni, haƙora saura 'yan na rantsuwa, amma hancina yana nan da ƙuruciyarsa. Da na shaƙi wannan ƙamshi sai in gan ni a bakin tafkin Kalmalo, laka har idon sawu, ciki yana kuka, ƙanena Nomau yana tsugune a gabana.

Ba ƙamshin kaɗai ya tono mini shi ba. Akwai Bashiru, ɗan jikata Saratu, yaron da ko wanka bai fara yi wa kansa ba. Rannan ina zaune ina tsince wake, yara suna ta guje-guje a tsakar gida, sai na ga ya fita daga cikinsu ya je jikin turmi ya tsuguna, gwiwoyi manne da ƙirji, yana haki, leɓunansa sun yi duhu kamar ya sha ɗinya. Uwar ta leƙo daga madafa ta daka masa tsawa.

"Kai, tashi! Kullum tsugunno awa kaza bisa ƙwai!"

Na ce, "Ke Saratu, ƙyale shi."

Yadda muryata ta fita ya sa ta saki muciya ta tsaya kallona. Ba ta san cewa na san wannan tsugunon tun kafin a haifi uwar da ta haife ta ba.

A Araba aka haife mu, ni da Nomau. Lokacin ba a daɗe da Nasara suka ci Sakkwato ba. Na tuna an zo da wasu ƙarafa an kakkafa a daji arewa da gonarmu, aka ce daga nan ƙasar Ingilishi ta ƙare, ta Faransa ta fara. Mu dai ba mu ga ƙasar ta canza launi ba, awakinmu ma ba su daina tsallakawa kiwo ba. Asibiti kuwa ko sunansa ba mu taɓa ji ba. In jiki ya ƙi daɗi, ga malam, ga mai saiwa, ga wanzami, sai kuma abin da Allah ya yi.

Babanmu, Arzika, dogo ne, in ya tsaya a gona daga nesa ka ce giginya. Manomin gero ne na gaske, kuma da hauyar tsaye yake noma, mai doguwar ƙotar nan da ta fi mutum tsawo, wadda ake tura ta gaba ana tafe ba sai an duƙa ba. Da ita yake taƙama. Yakan ce ban da sallah babu abin da ke tanƙwara bayansa, kuma ba ƙarya ya yi ba, don ko gaban hakimi durƙusonsa rabi ne. Masu noman duƙe da 'yar gajeriyar fartanya, da masu garka a bakin ruwa, duk abin tsokanarsa ne. Cewa yake yi sun zubar da allura suna nema.

Ni ce 'yar fari. Bayana an yi ta haihuwa ba su zauna ba, sai da na yi wayo sannan aka sami namiji ana tsakiyar noma, aka sa masa Nomau. Ranar suna Baba bakinsa har kunne, ya sami magajin hauya. To, amma tun yana jariri Inna ta lura ba ya shan nono kamar sauran yara. Zai kama, ya ja kaɗan, ya saki yana haki, gumi ya jiƙe masa goshi ko da sanyi ake yi. In ya yi kuka mai tsawo sai harshensa da tafin hannunsa su yi duhu, ya yi laƙwas, hankalin kowa ya tashi. Ya daɗe bai yi tafiya ba. Da ya fara kuwa, sai ya fito da wata ɗabi'a: taku kaɗan, ya tsuguna, ya huta, ya tashi, taku kaɗan, ya sake tsugunawa. Kan yatsunsa kuma suka yi kumburi, kowanne da ɗan kai kamar taɓarya. Ni ce mai goyonsa, har ya yi girman da ƙafafunsa ke dukan ƙwaurina ina tafe. Ina son yaron nan kamar me. Ga surutu, ga lura, abin da duk ya wuce ta gabansa sai ya gaya maka yadda aka yi shi, don shi zaune yake yana kallo lokacin da mu muke ta tsalle-tsalle.

Baba yana sonsa, kada wani ya ce ba ya so. Tsugunon ne ba ya iya gani. A wurinsa lalaci ne da shagwaɓa, kuma laifina ne da na Inna da muka saba masa da baya. Kalmar da ta fi yawa a gidanmu ita ce, "Tashi tsaye!"

Shekarar da nake ba ku labari, Nomau ya fara famfarar haƙora. Bazara ta yi zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Da hantsi ba ka iya taka rairayi ba takalmi, ruwan randa kansa ɗumi ne, kaji suna yawo baki buɗe. Aka yi ruwa guda mai kyau muka yi shuka, sai sama ta ɗauke. Shukar ta ƙone. Aka sake yi, muka sake zuba irin da da mun ci shi ya fi mana. Wannan ta tsiro, ta ɗan tasa, har aka shiga noman farko. Kullum da la'asar hadari zai haɗu a gabas, baƙi ƙirin, iska ta taso mai ƙamshin ruwa, mu kwashe shanya muna murna, sai ya watse ya bar mu da kwano a hannu.

A wannan noman ne Baba ya sa maƙeri ya ƙera wa Nomau 'yar hauyar tsaye daidai shi. Yaro ya yi ta murna, ya hana kowa taɓa ta. Da safe aka tafi gona, aka sa shi kusa da Baba. Ya tura hauya, ya tura, bai yi nisa ba ya tsuguna.

"Tashi tsaye!" in ji Baba. "Namiji ba shi tsugunno cikin gona. Mi kaka nema ƙasa?"

Ya tashi. Ya sake turawa, gwiwoyinsa suna son lanƙwashewa, yana satar kallon Baba yana miƙe su. Ina daga bakin gona da ƙwaryar fura na ga ya saki hauyar ya zube. Kafin in isa ya yi baƙi kamar an shafa masa shuni, idanu sun juye, numfashi sama-sama. Baba ya ɗauke shi a miƙe bisa hannuwa ya yi gida da gudu. Muka yi ta yayyafa ruwa, Inna tana salati, da ƙyar ya dawo.

Washegari Baba ya aika a kira Tunau wanzami. Lissafin Baba mai sauƙi ne, kuma duk garin haka za su yi shi: leɓe ya yi baƙi, farce ya yi baƙi, ashe mataccen jini ne ya taru, a sa ƙaho a zuƙe shi a huta.

Tunau tsoho ne ɗan firit, mai yawan shan taba, shi ya yi wa rabin garin aski da kaciya. Ya zo da zabirarsa ya zauna a inuwar aduwa, ya fito da aska da ƙahoni ya jera. Aka zaunar da Nomau a gabansa. Ya kama hannunsa ya daɗe yana duban yatsun nan. Ya buɗe masa baki ya dubi harshe. Sannan ya ɗora tafin hannunsa a ƙirjin yaron. Can sai ya ɗauki ƙaho guda, maimakon ya tsaga fata, ya kafa bakinsa mai faɗi a ƙirjin, ya kanga kunnensa a ɗan ramin da ake zuƙa. Mun ga abin da ba mu taɓa gani ba, wanzami yana sauraro da ƙaho. Da ya ɗago sai ya fara mayar da kayansa cikin zabira.

Baba ya ce, "Lahiya, Tunau?"

"Arzika, wanga ba aikin ƙaho ba na. Zo ka saurara."

Baba ya ƙi. Ni da ba a kira ba na matso na sa kunne. Na san bugun zuciya, na sha jin na Inna in ta rungume ni. Na Nomau akwai bugun, amma a bayansa akwai wani huci, fuu, fuu, kamar zugazugin maƙera.

Tunau ya ce, "Ciwon ga zuciyatai shike, kuma da shi anka haihe shi. Na taɓa ganin irinai ga ɗiyan wani Bahillace. Niy yi mai ƙaho, jini ya hito baƙi, munka yi ta murna muna cewa ciwo ya hita. Yaron bai ƙara tashi ba. Hal yau in na tuna uwatai ba ni jin daɗin raina. Ba ni ƙarawa."

"To mi za a yi?"

"Ban da maganinai. Da ina da shi da na ba ka ko ba ka ba ni ko goro ba. Abin da nis sani guda na, shi ma ba ni nig gano shi ba, ga yaran nig gani. In ya tsugunna, ku ƙyale shi, sauƙi shika ji. In abin ya taso mai kuma, kada ku miƙe shi. Ku naɗe mai gwiwu ga ƙirji, ku rungume shi hakanan hal shi dawo. Mai ɗaki shi yas san inda ka mai yoyo."

Inna ta tambaya daga bayan zana ko irinsu suna girma. Tunau ya daɗe yana ɗaure bakin zabira kafin ya ce wa'adi na Allah ne, amma shi bai ga wanda ya kai aure ba. Ya miƙe, ya shafa kan Nomau, ya ce masa, "Kai dai ci tuwo, abokina." Na raka shi da ruwan sha har ƙofar gida, ya sha ya tafi.

Baba bai ji daɗin wannan magana ba ko kaɗan. Ya ce tsufa ya kama Tunau har ya fara tsoron jini. Amma bai kira wani wanzamin ba. Abin da ya yi, ya ɗauke 'yar hauyar ya soke ta a rufin ɗaki, ya ce daga yau Nomau ba gona ba waje, ya zauna a ɗaki. In ba zai tsaya kamar maza ba, to kada mutane su gan shi tsugune. A ganinsa ya tsare yaron kuma ya tsare mutuncin gida. Nomau kuwa ya daina surutu. Zai zauna a bakin ƙofa ya ɗaga kai yana kallon hauyarsa. Wannan ya fi ciwon ci mini rai, don na ga ana neman a binne yaro da ransa.

Damina ta ƙare ba ta yi komai ba. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ganyen ya nannaɗe, abin da ya fitar da kai ma ba ƙwaya. Abin da muka girbe a gonar da ke cika rumbu, ni kaɗai na ɗauko shi a ka. Daga nan aka shiga cin abin da ba a ci. Tafasa da yaɗiya tun suna da ɗanɗano har suka ƙare. Muka koma anza, a jiƙa ta a zubar da ruwa, a sake jiƙawa, ɗacin ba ya fita duka. Muka sussuke ƙarangiya muna fitar da 'yan ƙwayoyinta, hannu duk ƙaya. Har gidan tururuwa mun tona mun ƙwace musu abin da suka tara, Allah ya yafe mana. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kawai. Takan sa ka ji muryar mutane daga nesa, ka tashi ka ga duhu, ka yi fushi da wanda bai yi maka komai ba. Inna takan rage nata ta tura wa Nomau, shi kuma in ta juya baya ya tura mini. Ni kuwa in ci, ba zan ɓoye ba, yarinya ce ni.

Da sanyi ya fara, ƙanen Inna, Kawu Labbo, ya aiko daga Kalmalo. Ya ce tafki ya ja baya ƙwarai amma bai ƙafe ba, akwai bado, akwai gaiwa a cikin laka, kuma zai ba mu gefen garkarsa mu dasa albasa. Baba ya kwana biyu yana gunaguni. Shi Arzika, ya koma neman allura? Amma in kiɗa ya canza, rawa ma dole ta canza. Muka ɗora Nomau a kan jaki da 'yan tarkacenmu, muka ja akuyar da ta rage mana, muka kama hanya.

Kalmalo ta yi mana rana. Muka kafa bukka a kan tudu. Da safe ni da matan garin mu shiga ruwa, sanyi yana yanka ƙafa, mu tono bado. Maza su bi busasshiyar laka suna ƙwanƙwasawa, inda gaiwa ta kwanta su haƙo ta. Ranar da muka fara shan romon kifi, Nomau ya yi dariya har da tari. Ba ƙoshi ba ne, amma ciki ya daina zagin mutum.

Aikin garka kuwa ba wasa ba ne. Aka daddatsa ƙasa fangali-fangali, aka ja hanyar ruwa, Kawu Labbo ya kafa mana jigo na ɗebo ruwa a bakin wani rami da aka haƙa. Baba ya ce shi jigo zai riƙe. Mun san dalili, jigo a tsaye ake jan sa. Akuyarmu aka bayar aka karɓo irin albasa, kuma daga ita ba mu da sauran abin bayarwa. Kawu ya ja mana kunne: iri in an tuge shi ba ya jira, in ya kwana ya wuni a waje ya yi yaushi, sai a zubar. Ya tsuguna a fangali guda ya nuna mana yadda ake yi. A huda laka da yatsa, a sa farin gindin kawai, a danne, a bar tazara. In ya nutse da yawa ba zai yi kai ba, in bai shiga ba ruwa ya kwashe shi. Ya gama ya tafi tasa garkar, don shi ma nasa irin yana jiransa.

Saura ni da Inna. Inna yunwa ta riga ta cinye ta, ba ta gama fangali biyu ba jiri ya ɗebe ta, muka kai ta bukka ta kwanta. Ni kuma, Allah ya sani, ban taɓa zama mai haƙuri ba. Wannan in nutsa shi, wancan in bar shi a karkace, baya ya ƙage, yatsu sun daskare, ga tulin iri a ƙarƙashin jiƙaƙƙen buhu ko rabi ban taɓa ba, rana kuma tana ɗagawa. Na zauna a kan kunya na fashe da kuka. Ina kukan sai na ji murya a bayana.

"Yaya, matsa. Ba haka Kawu yay yi ba."

Nomau ne. Ya sulalo daga bukka, taku kaɗan ya huta, taku kaɗan ya huta, har ya iso. Ashe duk abin da Kawu ya nuna yana kallo daga bakin ƙofa. Ya shiga fangali ya tsuguna, ya ɗebi iri a hannun hagu, ya soka babban yatsansa a laka. Kumburarren kan yatsan nan da yara ke yi wa dariya, ramin da ya huda daidai gindin albasa ne, ba ƙari ba ragi. Ya sa, ya danne, ya matsa. Ba ya tashi, a tsugunen yake jan jiki gaba. Zaman da ke ƙage mana baya mu, shi a nan numfashinsa yake daidaita. Na share hawaye na koma miƙa masa iri. Layinsa ya tafi sambal, har ya fara 'yar waƙa ƙasa-ƙasa, abin da na manta rabon da in ji.

Mun yi nisa sosai kafin ƙarar jigo ta tsaya. Baba ya biyo hanyar ruwa ya ga ko ta isa ƙarshe, sai ya hango mu. Ga mutane a garkunan maƙwabta, ga ɗansa tsugune a tsakiyar fili.

"Wa ya hiddo ka? Tashi tsaye!"

Tsawar ta zo wa Nomau ba zato. Ya zabura ya miƙe, ya zuba da gudu zai koma bukka, shi da ko tafiya sai da dabara. Bai kai kunya ta uku ba ya kife. Baba ya riga ni isa. Ya ɗago shi, yaro ya yi baƙi fiye da na ranar gona, kai ya langaɓe, bakin yana buɗewa ba iska. Baba ya miƙe da shi bisa hannuwa yana waige-waige, bai san inda zai nufa ba. Babu gida, babu malam kusa, babu komai sai laka da ruwa.

Na ce, "Baba, abin da Tunau yac ce! Gwiwu ga ƙirji!"

Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ran nan. Ya dube ni kamar bai san ni ba. Sannan na ga dogayen ƙafafun nan sun lanƙwashe. Ya tsuguna a cikin laka, ya haɗa gwiwoyin Nomau da ƙirjinsa, ya dunƙule shi kamar jariri, ya rungume, ya kifa fuskarsa a kan yaron. Ina jin yana cewa, "Ya Allah, ya Allah," ba wani abu. Ban san tsawon lokacin ba, ni dai na ga kamar an yi shekara. Sai haki ya fara dawowa, duhun leɓen ya fara washewa. Nomau ya buɗe ido, ya dubi Baba, ya dubi sama, sannan ya ce, da 'yar muryar da ta rage masa:

"Baba, irin na bushewa."

Baba bai tashi ba. Wandonsa ya jiƙe sharkaf, laka har cinya, mutanen garkunan kusa sun taru suna kallo, bai ko dube su ba. Ya jira har yaron ya huce, ya ɗauke shi a dunƙule ya mayar da shi inda ya tsaya da dashe, ya ajiye shi a hankali, ya tsuguna kusa da shi. Ya ɗebi iri ya ce, "To, gwada min."

Ya soka na farko har wuya. Nomau ya ce, "Ba haka ba, Baba, ka nutsa shi." Ya tuge ya gyara masa. Na biyu ya karkace. Na rufe bakina da zane don kada dariya ta fito, ga hawaye bai bushe ba. Kafin rana ta faɗi babu sauran iri a ƙarƙashin buhu. Da Baba zai miƙe sai da na ba shi hannu, gwiwoyinsa suka yi ƙara kamar an karya kara. Kawu Labbo da ya zo wucewa ya ce, "A'a, Arzika, ka ga allurat?" Baba ya ce, "Na gane ta."

Sauran ranin nan wahala ce, amma wahala mai daɗi. Baba a jigo da sassafe, Nomau a tsugune yana buɗe wa ruwa hanya daga wannan fangali zuwa wancan da 'yar ƙasa a hannu, ni ina cire ciyawa ina ƙorafi. Inna ta warware ta fara tsinkar lawashi tana mana miya, saura ta daka ta dunƙula gabu ta shanya. Da zafi ya dawo muka tone albasa, manya-manya, jajaye. Fatake da suka zo daga kudu da hatsi suka karɓa suka ba mu dawa da gero. Ranar da aka tuƙa tuwon farko, Baba ya hana kowa sa hannu. Ya tura akushin gaban Nomau ya ce, "Mai gona shi ka hwarawa." Yaron nan ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya, ya gyara zama kamar wani dattijo, ya yi bisimilla.

Damina ta gaba ta yi kyau, muka koma Araba. Amma duk shekara da sanyi ya shigo sai mu sauka Kalmalo. Nomau ya zama gwanin dashe, har maƙwabta suna roƙon a ba su aronsa, Baba yana ja musu rai. Ba a sake cewa "tashi tsaye" a gidanmu ba. Tunau ya faɗi gaskiya, Nomau bai kai aure ba. Muryarsa ta fara buɗewa ke nan, wata bazara zazzaɓi ya kama shi, ya tafi a hannun Baba, a dunƙule yadda ya fi jin daɗi. Mun yi kuka, har yau in na tuna ina yi. Amma shekarun da ya samu bayan ranar nan a waje ya yi su, cikin mutane, yana cin guminsa. Baba kuwa har ya tsufa bai bar dashen albasa ba. Ya ce ƙasa ta fi kyau in an dube ta daga kusa.

Wannan labarin na ba Saratu a ranar, sannan na ce mata zamani ya canza, yanzu akwai asibiti, a kai yaro Sakkwato, kuma ƙafata ƙafarsu. Muka shiga mota muka je. Likitan saurayi ne, daga ganin idonsa ya gaji. Ya dubi yatsun Bashiru, ya dubi harshe, ya sa abin sauraronsa a ƙirji ya saurara. Na ce a raina, ga ƙahon Tunau ya yi wayo. Ya yi mana bayanin da Tunau bai da shi. Ya ce akwai huda a bangon da ya raba zuciya, kuma hanyar da jini ke bi zuwa huhu ta matse, shi ya sa jinin ke duhu, tsugunon kuma yana taimaka wa jinin ya bi ta huhun. Ya ce ana yin aiki a gyara, amma ba a nan ba, sai a wani babban asibiti mai nisa, zai nema mana hanya, sai dai ba zai yi mana alkawarin da bai tabbatar ba. Ya ba da magani, ya ce kada a bar shi da ƙishirwa, zazzaɓi ko gudawa a kawo shi da wuri. Na ba shi labarin Tunau a taƙaice. Ya yi murmushi ya ce, "Iya, abin da ya fi mana nauyi ke nan, kunne ya ji, hannu ya kasa kaiwa." Na sa masa albarka, don na ga yana buƙata.

Da muka dawo Saratu ta so ta yi abin da Baba ya yi. Ta ce ba fita ba wasa, ya zauna a ɗaki har a kira su asibiti. Ban yi mata faɗa ba, tsoro ne, na san shi. Jiya da safe dai na sa an ɗebo mini ƙasa mai kyau a bayan madafa, na tare wani mai jaki na roƙi irin albasa cikin hannu guda, na jiƙa wurin. Na kira Bashiru. Ya fito a hankali, ya tsuguna a bakin lakar, yana kallon uwarsa ko za ta yi tsawa. Ba ta yi ba, tana tsaye jikin ƙofa ta riƙe bakin zane.

Na daɗe rabon da in tsuguna, sallah ma a zaune nake yi. Na dafa kafaɗar Saratu, na sauka a hankali, gwiwoyina suna ƙara irin ta Baba. Na kama ɗan yatsan Bashiru mai kai kamar taɓarya, na soka shi a laka, na ce ya sa iri. Ya sa, ya danne, ya ɗago ya dube ni.

"Haka, Kaka?"

Na ce, "Haka na, ɗiyana. Matsa gaba."